Faifanmu a Bango, Girkin Wasu a Faranti

Tun da aka buɗe sabon gidan cin abincin nan na Nasarawa GRA maganarsa ta ƙi kwanciya a garin nan. Mai gidan ba ɓoyayye ba ne ga masu bin harkar girki. Ɗan Kano ne, ya yi shekaru yana aiki a kicin na manyan otal-otal a Legas da ƙasashen waje, an sha nuno shi a talabijin, matasa da yawa kuma a Instagram suka san shi. Ya dawo gida ya narka dukiya, ya kafa irin wurin da sai ka buga waya an ajiye maka tebur kafin ka je, abinci kuma a riƙa kawo maka shi kashi-kashi, ana ɗauke wannan faranti ana ajiye wancan. Abin da ya tayar da ƙurar shi ne hoton rasit da wani ya ɗauka ya saki a WhatsApp. Mutum biyu ne, zama ɗaya, kuɗin ya haura albashin wata na ƙaramin ma'aikacin gwamnati.

Nan take gari ya rabu. Wasu suka ce rashin imani ne da almubazzaranci a buɗe irin wannan wuri a garin da magidanci ke sulalewa da asuba don bai da kuɗin cefanen da zai bari. Wasu suka ce hassada ce kawai, kowa da aljihunsa, kuma lokaci ya yi da Kano za ta daina sunkuyar da kai a gaban Abuja da Legas. Ni dai a ganina duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki. Tsadar wurin ba ita ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da ake dafawa a ciki, da inda kuɗin ke nufa bayan an karɓe su a kanta.

Sai dai ban yarda a kira masu fushin nan mahassada ba. Duk wanda ke zaune a garin nan ya san abin da ya faru da tukunyar talaka tun ranar 29 ga Mayun 2023, da aka ce tallafin man fetur ya tafi, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan da ya biyo baya. Zuwa tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A Fabrairun shekarar, matan da ke gasa gurasa, waɗanda ba a san su da hayaniyar siyasa ba, suka fito titi riƙe da kwalaye saboda fulawa ta gagare su. A watan Agusta zanga-zangar yunwa ta kai mu ga dokar hana fita. Mafi ƙarancin albashi da aka yi ta kai-kawo a kansa ya tsaya a naira 70,000, gwamnatin Kano ta ɗora dubu ɗaya a kai ta mayar da nata 71,000. Mutumin da ke lissafin rayuwarsa da wannan adadi, in ya ga an cinye shi a zama ɗaya, yana da haƙƙin ransa ya ɓaci, kuma wanda bai fahimci wannan ba to bai san garin da yake ciki ba.

To amma a rufe gidan gobe, tukunyar wa za ta cika? Kuɗin da ake kashewa a wurin ba daga bakin talaka aka fizgo su ranar da aka buɗe ƙofa ba. Da ma can ana kashe su, sai dai ba a nan ba. Ana kashe su a Dubai da Alƙahira da Istanbul, da Abuja a ƙarshen mako, da kuma dinar biki inda ake cika tebura da abinci, a tashi a bar rabinsa. Wannan ɓarnar ta biki, wadda kowa ya gani da idonsa, ban taɓa ganin an yi mata irin taron dangin da aka yi wa rasit ɗin nan ba, wataƙila don kowa na sa ran wata rana shi ma za a kai masa kati. In mai kuɗi zai kashe kuɗinsa ko ana so ko ba a so, gara ya kashe su a Kano.

Masu kafa hujja da addini ma su karanta ayar har ƙarshe su ɗora da ta gaba. A Suratul A'araf, aya ta 31 ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna, ta 32 kuma ta tambayi wane ne ya haramta ƙawar Allah da daɗaɗan abubuwa na arziƙi da Ya fitar wa bayinSa. Garin nan na fatake ne, bai taɓa jin kunyar dukiya ba. Abin da Kano ta saba nema daga mai dukiya shi ne zaurensa ya zama a buɗe, a fito da kwanuka da magariba, maƙwabci da baƙo da almajiri kowa ya sa hannu. Gidan abinci na kasuwanci ba zai zama zaure ba, an sani. Amma ana iya tambayarsa irin tambayar da ake yi wa attajiri: arziƙin nan naka, wa yake ci a unguwa?

Wani abokina ɗan kasuwar Kwari ya gayyace ni, shi ya biya, na je na gani. Wurin ya tsaru, wannan ba gardama. An jera faya-fayai masu launi a bango, an rataye ƙore da aka yi wa zane, labulayen kuma shuɗi ne irin na marinar Ƙofar Mata. Masu hidima sanye da 'yar shara da hula, suna magana a tausashe. Na zauna ina jin daɗi a raina, na ce yau ga ɗan gida ya dawo ya ɗaga darajar gida. Sai aka miƙo takardar jerin abinci. Kifin salmon, wanda ba ya rayuwa a ruwan ƙasar nan. Taliyar Italiya iri-iri da cukunsu. Naman sa da aka rubuta a gefe cewa daga ƙetare aka shigo da shi, a jihar da ke da kasuwar kara irin ta Wudil. Sai can ƙasan shafi na ƙarshe, ƙarƙashin wani ɗan take na abincin gargajiya, aka saka tuwon shinkafa da miyar taushe, da farfesun kayan ciki, shi ke nan.

Abokina ya nemi kifin, ni na ce a kawo mini tuwon. Kifin ya zo ɗan yanki a tsakiyar faranti, kamar abin da ake ba mai jinya ya ɗanɗana a ga ko cikinsa zai karɓa. An gasa shi daidai, ba laifi, amma kifi ne da ya kwana a firiji ya keto duniya, kuma harshe ya san haka. Miyar taushen kuwa, wallahi ba don ina rubuta wannan ba, ta burge ni. Ya gasa kabewar kafin ya sa ta a tukunya, don haka zaƙinta ya fito da ɗan ƙamshin wuta. Gyaɗar ba ta yi yawan da za ta danne miyar ba, yakuwar ta ba ta tsami daidai, alayyahon bai mutu ba, naman kuma ya dahu har yana rabuwa da ƙashi da kansa. Aka ɗiga man shanu a kai a gabana, ƙamshin ya tashi har na teburin kusa da mu suka waiwayo. Mutumin nan ya iya girkinmu, ya iya shi ƙwarai. Shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Wanda ke da irin wannan hannu ya ɗauki abin da ya fi iyawa ya tura shi ƙasan shafi, ya cika sama da abin da kowane otal na Legas ke sayarwa.

Kada a ɗauka ina ƙyamar abincin baƙi ne. Kano ba ta taɓa rufe tukunyarta ba. Gurasa da alkaki da muke tinƙaho da su yau, da Larabawa fatake ake danganta shigowarsu, waɗanda suka keto Sahara suka zauna a cikin birni. Kwarori 'yan Labanan sun yi sama da shekara ɗari a nan, kuma shawarma ta zama abin da yaro ke roƙon babansa ya tsaya ya saya masa a titin Zoo. Akwai gidajen abincin Sin da na Indiya a garin nan tun da daɗewa, babu wanda ya ɗaga musu murya. Bambancin shi ne waɗancan nasu suke sayarwa, kuma suna alfahari da shi. Namu kuwa ya dawo da ilimin da ya samo, maimakon ya zuba shi a kan abincin uwarsa, sai ya mayar da al'adar ado a bango.

Abin da zai ba ka mamaki, a can inda ya koyo aikin, iska ta riga ta juya. Akwai kamfanin tayoyin mota na Faransa, Michelin, da ke ba gidajen abinci tauraro, kuma a duniyar masu girki samun tauraro ɗaya kan sauya rayuwar mutum. A Fabrairun 2024 wata 'yar Najeriya, Adejoké Bakare, wadda a Kaduna ta tashi, ta samu wannan tauraro da gidan abincinta na Chishuru a Landan, ta zama baƙar mace ta farko da ta same shi a Birtaniya. Cikin abin da ta sa Turawa suka yi layi a kai har da sinasir. Sinasir dai da kuka sani, wanda ake soyawa a tanda a lungunanmu. Kafin ita, a 2022, Fatmata Binta, Bafulatanar Saliyo da ke zaune a Ghana, ta ci babbar kyautar girki ta yankin Basque a Sifaniya. Da me? Da acca da daddawa da man shanu, tana shimfiɗa tabarma tana zaunar da baƙinta a ƙasa, su ci irin cin Fulani.

Ba ina cewa sai Bature ya yaba wa abincinmu sannan ya zama abinci ba. Ina nuna wa masu cewa harka ce ta kasuwa, dole a bi abin da duniya ke so, cewa ko da ma'aunin nasu aka auna, lissafin bai fita ba. Baƙon da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ko mai sayen riɗi ne da zoborodo daga Dawanau, ko ma'aikacin wata ƙungiya, ko wanda ya zo kallon hawan Sallah da UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, ba taliyar Italiya ta kawo shi ba. Yana da wadda ta fi wannan a garinsu. Abin da ba zai samu a ko'ina ba shi ne dashishi da aka yi da alkamar Kadawa.

Mu koma kan kuɗi, tunda nan ne masu jari ke saurare. Irin wannan gida a Turai, wani babban kaso na ribarsa daga giya yake fitowa, abincin kansa ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. A Kano wannan ƙofa a rufe take, addini ya rufe ta, doka ta rufe ta, kuma alhamdulillahi. Ke nan duk nauyin gidan a kan faranti yake. Ga wuta: tun Afrilun 2024 aka ninka kuɗin lantarki sama da sau uku ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, ya kai naira 225 kowane yunit a lokacin, kuma duk da haka sai ka ajiye janareta da tankin dizal, don firijin da ke riƙe da kifin ƙetare ba ya jure ɗaukewar wuta ta awa biyu a zafin Afrilu. Ga dala: duk abin da aka shigo da shi, farashinsa na rawa da canji, kuma ba kullum za ka sake buga takardar farashi ba. Mun ga yadda Shoprite ta tattara ta bar Ado Bayero Mall a Janairun 2024, bayan shekara kusan goma. Wanda ya gina kasuwancinsa a kan kayan da sai sun hau jirgi, a garin da masu iya biya ba su da yawa kuma duk sun san juna, zai ci kasuwa wata shida na farko da ɗoki. Bayan kowa ya ɗauki hotonsa ya ɗora, a nan ne za a san maci tuwo.

Alhali ga kaya a bakin ƙofa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, Kura da Bunkure da Garun Malam ke noman rani, shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Da sanyin hunturu zuwa farkon bazara tumatir kan yi yawa a Kwanar Gafan har manomi ya rasa mai saye, wani ya shanya shi a gefen titi ya yi kauɗa, wani ya bar shi ya ruɓe. Da damina kuma ya yi tsadar da uwargida za ta koma miyar kuka ba don tana so ba. Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ya sha rufewa da buɗewa a kan wannan matsala ta samun kaya a kan kari. Gidan abinci ɗaya ba zai gyara wannan ba, kar ma a yi wa kai ƙarya. Amma gida ɗaya da zai zauna da manoma kaɗan ya ce ga irin da nake so, ga farashin da zan biya ko kasuwa ta faɗi, kuma zan saya na busar da kaina cikin tsafta don damina, ya fi wa garin nan amfani a kan gida goma masu jiran kwantena. Kasuwar Yankaba na nan da asuba, 'Yan Lemo na nan, akwai kifin Tiga da na Bagauda. Kilishin Agadasawa kuwa har ƙasashen waje ake guzurinsa, ban ga dalilin da zai hana shi zama abin buɗe baki a tebur mai farin ƙyalle ba.

Haka abin sha. Maimakon kwalaben ruwan inabi mara giya da ake shigo da su, masu zaƙi kamar an narka alewa, ina zoɓo da aka dafa da kanumfari da citta aka tace shi har ya yi garai? Ƙasar Meksiko ma daga nan take sayen zoborodo. Ina kunun aya da dabino, ina tsamiya, ina ruwan goruba, ina fura da nonon da aka kawo daga ruga da safe? Wanda ya iya haɗa ɗanɗano zai yi abin mamaki da waɗannan, kuma ribar da ke cikinsu ta fi ta kwalbar da aka biya wa kuɗin kwastan.

Sai dai akwai abin da nake tsoro ko da mai gidan ya ji wannan shawara. Ilimin girkin Hausa ba a makaranta yake ba, a hannun mata yake, yawancinsu tsofaffi, yawancinsu ba a san sunansu a waje da lungunsu ba. Ina da gwaggo da ta tsufa tana yin daddawa. Kalwar ɗorawa za ta ɗora a wuta ta wuni tana dahuwa, ana ƙara ruwa ana tura itace. Ta sauke ta zuba a turmi ta surfa har ɓawon ya saki, ta wanke, ta tsince, ta sake dafawa. Sannan ta juye a kwando ta lulluɓe da ganye da buhu, ta ajiye a ɗaki mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. Ba ta da agogo ba ta da ma'aunin zafi, hanci ne da tafin hannu. In ta ɗaga buhun ta shinshina, ta san ko yau ce ko sai gobe. Daga nan a kirɓa, a mulmula, a faɗaɗa, a shanya a rana. Na taɓa ce mata, "Gwaggo, duk wannan wahalar nawa ake samu?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, in na mayar da kuɗin kalwa da na itace, ragowar ta goro ce. 'Ya'yan yanzu ai dunƙulen kanti suka sani." Cikin jikokinta babu wadda ta koya, kuma ban ga laifinsu ba.

To abin da nake tsoro shi ne a aiko yaro ya sayi daddawar gwaggo a farashin goro, a sa ta a miyar da za a sayar da tsada, a rubuta sunan gwanin girki shi kaɗai a jarida. Wannan ba ɗaga darajar abincinmu ba ne, kwasar ganima ce. In za a yi, a yi da gaske. A ɗauko matan nan a biya su kuɗin koyarwa kamar yadda za a biya Bature in ya zo horar da ma'aikata, a sayi kayansu a farashin da zai sa jikanya ta ga cewa sana'ar tana da gobe, wadda kuma ta yarda a ambaci unguwarta a takardar abinci, a ambata.

Na san abin da masu kicin za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare. Za su ce kayan gida ba su da tabbas, na yau daban na gobe daban, ga ƙura, ga tsakuwa a shinkafa, ga maganin ƙwari da wasu ke zuba wa wake a rumbu, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Duk haka ne. Amma wa zai gyara, in duk mai iya biyan farashi mai kyau ya gudu ya koma kayan kwantena? Manomi da mai daddawa ba sa tsaftace kaya don wa'azi, suna yi ne in sun ga mai saye da zai biya bambancin kuma ya dawo mako mai zuwa. Irin wannan gida shi ne mai sayen da ake nema.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce wadda abokina ya jefo mini muna cikin mota. Ya ce, "Malam, tsakani da Allah, wane Bakano ne zai biya wannan kuɗi ya ci tuwo, alhali Hajiya a gida ta fi su iyawa? Ni in na fito, abin da ba na samu a gida nake nema." Na daɗe ina juya maganar. Gaskiya ne a al'adarmu magidanci ya zauna a gidan abinci yana cin tuwo abu ne da ake yi wa kallon akwai matsala a gida. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, me ake samu a gidan yau? A gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa na garin nan, shinkafa ce da taliya da indomi suke juyawa, ranar Juma'a a yi abin da ya ɗan bambanta. Yaushe rabon da a yi burabusko a gidanku? Alkubus fa, ko funkaso da miyar taushe in ba da Sallah ba? Dambun da aka turara sau biyu da zogale da rama, nakiya da dubulan da sai an yi gara ake ganinsu, su ma yawanci sayo su ake yi. Ba lalaci ba ne, lokaci ne babu, matan suna aiki, gas ya yi tsada, masu surfe da daka sun ragu. Abin da ba a samu a gida yanzu, shi ne ainihin abincin gida. Mutumin da zai biya kuɗi mai yawa don ya burge baƙonsa da kifin da bai iya faɗin sunansa ba, zai biya don ya ci abin da rabonsa da shi tun kakarsa na da rai, in dai an yi shi yadda ya kamata. Dubi yadda manyan motoci ke layi a wurin masu waina da masu gurasa da yamma, ana aika direba ya karɓo a leda.

Kuma in za a yi abincinmu, a bar mu mu ci shi irin cinmu. A kawo buta da tasa a wanke hannu, kada wanda ya ajiye cokali mai yatsu ya ji kamar ya yi abin kunya. An kyauta da aka ware ɗakuna na iyali, inda mace mai niƙabi za ta ci abinci a sake, an kuma kyauta da aka yi wurin sallah mai tsafta. Wannan ya nuna mai gidan ya san garinsu. Da ma ya bi wannan sanin har cikin tukunya.

Abu na ƙarshe da zan sa wa ido shi ne yaran da ke aiki a wurin. A garin nan namiji ya zama mahauci ko mai tsire ko mai shayi ba abin magana ba ne, amma ya ɗaura gyale a ƙugu ya tsaya gaban tukunyar miya, har yanzu akwai masu taɓe baki. Mutum irin wannan, mai suna da mota da mabiya, zai iya kashe wannan kallon cikin 'yan shekaru, in ya mayar da kicin ɗinsa makaranta, ya ɗauki yara maza da mata daga cikin birni ya koya musu aikin tun daga riƙon wuƙa har lissafin riba. Amma in manyan kuku duk daga waje aka ɗauko su, 'yan gari kuma aikinsu wanke-wanke da buɗe ƙofa, kuma kuɗin hidima da ake ƙarawa a ƙasan rasit ba ya isa hannun masu hidimar, to masu fushin nan sun fi ni gaskiya.

Yaron da ya yi mana hidima a daren, da ya kawo kwandon burodi irin na Faransa, na tambaye shi ɗan wace unguwa ne. Ya ce, "Jakara, Yallaɓai." Na ce to ai kai ɗan gidan gurasa ne. Ya ce mahaifiyarsa ma ita take yi, tun kafin asuba take hura tanderu da kara, ta manna ƙullun a jikin tukunyar da hannunta, kafin hantsi 'yan talla sun kwashe. Na ce me ya hana a kawo tata nan, da zafinta, da ɗan man ƙuli da yaji a gefe, a maimakon wannan? Ya waiwaya ya ga ba kowa kusa, ya ce ya taɓa faɗa wa manaja, an ce masa za a duba.